Daga Tafin Magini Zuwa Akwatin Gwaji

Kafin siminti ya iso Musawa, ba a haƙa kududdufi don kawai wurin ya yi kusa da gida. Magini kan ɗibi ƙasa, ya jiƙa, ya murza ta a tafukansa har ta miƙe siririya. In ta tsinke da wuri, yashi ya yi yawa. In ta yi santsi, ta bushe ta tsattsage, laka ce, a bar wa manoman auduga. Jan birji ake nema, a cuɗa da ramno, a bar shi ya tsumu, sannan a yi tubali. Kakana har tubalin gwaji yakan yi, ya shanya, ya sake shi daga tsayin ƙirji ya ga yadda zai fashe. Da irin wannan sani Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, bakan-gizonsa kuwa suna nan tsaye.

Abin da hannu ke ji, wani injiniyan sojan Faransa mai suna Kulom ya mayar lissafi a 1773. Ya nuna abu biyu ke hana ƙasa zamewa: danƙon da ke haɗa ta, da gogayyar ƙwayoyinta, wadda ke ƙaruwa gwargwadon nauyin da ke danne su. Littafin Karl Tarzagi na 1925 ya mayar da wannan fanni mai zaman kansa, ilimin ya iso mana ta makarantu irin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962.

A Zariya na fara taɓa akwatin gwajin da ake auna danƙo da gogayyar ƙasa da shi. Ɗan ƙarami ne, milimita 60 kowane gefe, rabe biyu sama da ƙasa. A cika shi da ƙasa, a ɗora nauyi, inji ya riƙa tura rabi ɗaya a hankali har ƙasar ta tsage ta zame. A maimaita da nauyi daban-daban, a ja layi a takarda, danƙo da gogayya su fito da lambobinsu. Wanda ya fi muhimmanci a wurina shi ne gwajin da ake yi bayan ƙasar ta sha ruwa ta ƙoshi, don ƙasar rani tana ruɗin mutum. Katangar ɗaki hannu ya isa ya auna mata, amma ban da tulin ƙasar da zai tare kogi, irin madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ko Zobe kusa da Dutsin-Ma. Waɗanda suka ga ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 sun san ɓarnar da ruwa ke yi in ya rinjayi ƙasa.

Abin da ke damuna yau shi ne gidajen bulo da ke tashi a bakin gari, wasu a kan tsohon kududdufin da aka cike da shara. Ba a kira tsohon magini ya murza ƙasar ba, ba a kuma kai ta gwaji ba. Damina biyu, bango ya tsage daga tushe har taga, mai gida ya ɗora wa mai buga bulo laifi.