Stirling Moss: Gwanin tseren motar da ya yi wa abokin hamayyarsa shaida, ya rasa kambun duniya

Sir Stirling Moss direban tseren mota ne ɗan Birtaniya wanda ya yi tashe daga 1948 zuwa 1962. Ya lashe tsere 16 a gasar Formula One, ya zo na biyu a duniya sau huɗu a jere daga 1955 zuwa 1958, sannan ya zo na uku sau uku, amma bai taɓa ɗaukar kambun ba. Duk da haka masana wasan na sanya shi a sahun gaba na direbobin da aka taɓa yi.

An haife shi a Landan ranar 17 ga Satumba, 1929. Mahaifinsa Alfred likitan haƙori ne wanda shi ma ya taɓa shiga tseren Indianapolis 500 a Amurka a 1924, ƙanwarsa Pat kuma ta yi suna a tseren motoci na dogon zango.

Tauraronsa ya haska a 1955, lokacin da kamfanin Mercedes-Benz ya ɗauke shi ya haɗa shi da Juan Manuel Fangio na Ajantina. A shekarar ce ya lashe Mille Miglia, tseren kimanin kilomita 1,600 a kan titunan jama'a na Italiya, daga Brescia zuwa Roma da dawowa, cikin sa'o'i 10 da minti 7 da daƙiƙa 48. Ɗan jarida Denis Jenkinson na zaune a gefensa riƙe da doguwar takarda a naɗe, wadda suka rubuta kwanoni da gadojin hanyar a ciki, yana yi masa nuni da hannu saboda ƙarar inji ba ta barin a ji magana. Ba a karya wannan tarihi ba har aka daina tseren a 1957.

Abin da ya fi bin sunansa shi ne kakar 1958. Moss na tuƙa motar Vanwall, ɗan ƙasarsu Mike Hawthorn kuma na tuƙa Ferrari. A tseren Portugal da aka yi a birnin Porto, Moss ya zo na ɗaya, Hawthorn na biyu. Sai dai motar Hawthorn ta kauce daga hanya ta mutu dab da kammalawa, kuma alƙalan gasar suka zarge shi da juya ta inda bai kamata ba wajen tayar da ita, laifin da hukuncinsa kora ce. Moss, wanda ya ga abin da idonsa, ya tsaya gaban alƙalan ya shaida cewa a gefen titi abin ya faru, ba a kan hanyar tseren ba. Aka bar wa Hawthorn makinsa bakwai.

A tseren ƙarshe da aka yi a Kasabalanka ta Maroko, Moss ya sake yin nasara, Hawthorn ya sake zuwa na biyu. Da aka tattara lissafi, Hawthorn na da maki 42, Moss 41, alhali Moss ya ci tsere huɗu a kakar, Hawthorn ɗaya tak. Tsarin makin ya fi saka wa mai yawan kammalawa a sahun gaba, shi kuwa Moss motarsa ta sha lalacewa a hanya. Da ya ja bakinsa ya yi shiru a Porto, da kambun nasa ne. Har ƙarshen rayuwarsa bai nuna nadamar shaidar da ya bayar ba.

Zamani ne da direbobi ke shiga mota da ransu a hannu. A wannan kakar kaɗai Luigi Musso da Peter Collins sun mutu a tsere, abokin aikin Moss kuma, Stuart Lewis-Evans, ya ƙone a Kasabalanka ya rasu bayan kwana shida. Hawthorn da kansa ya yi ritaya, amma ya mutu a haɗarin mota kusa da Guildford a Janairun 1959, yana ɗan shekara 29.

Wasu na ganin kishin ƙasa ma ya ja wa Moss asara, domin ya fi son tuƙa motocin Birtaniya ko da ba su kai na Italiya ƙarfi ba. A Monako a 1961, cikin tsohuwar Lotus ta ƙungiyar Rob Walker, ya doke sababbin motocin Ferrari guda uku da suka fi tasa ƙarfin inji.

Ranar 23 ga Afrilu, 1962 ya yi mummunan haɗari a filin Goodwood. Ya yi wata guda bai san inda kansa yake ba, ɓarin jikinsa na hagu kuma ya shanye na kusan wata shida. Da ya gwada tuƙi a shekarar da ta biyo baya, sai ya ga abin da a da yake yi ba tare da tunani ba yanzu sai ya tsaya ya yi tunani, don haka ya ajiye sana'ar yana ɗan shekara 33. An ba shi lambar girma ta Sir a 2000, ya kuma rasu a Landan ranar 12 ga Afrilu, 2020 yana da shekara 90.