Abin da ke sa kwamfuta nawa, da yadda ake sauke mata tsofaffin manhajoji

A shagunan buga takardu da na shiga intanet a Dutse, babban birnin jihar Jigawa, da ma garuruwan da ke kewaye da shi irin su Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ɗaya daga cikin koke-koken da aka fi yi game da na'ura mai ƙwaƙwalwa shi ne nawa, wato a latsa manhaja a zauna zaman jira kafin ta buɗe.

Ga mai shago dai wannan jira asara ce, domin sau da yawa da janareta ake aiki, kuma farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo tun bayan da gwamnatin Najeriya ta janye tallafi a watan Mayun 2023.

Haka abin yake ga ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko mai neman cika takardun hukumar JAMB kafin wa'adi ya cika.

Maganin da aka fi garzayawa gare shi shi ne a goge duk abin da ke cikin na'urar a sake zuba mata Windows, abin da masu gyara ke kira fomatin. To amma a lokuta da dama ba a bukatar hakan, kuma takardu da hotuna masu yawa sun salwanta ta wannan hanya.

Tsofaffin na'urori, sababbin manhajoji

Jigawa na cikin jihohin arewacin Najeriya da suka rungumi fasahar sadarwa da wuri.

A zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta Informatics a Kazaure tare da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Singafo, aka kuma kafa kamfanin Galaxy a Dutse domin samar da intanet.

Daga baya buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da komawar da JAMB ta yi ga shirya jarrabawarta da kwamfuta baki ɗaya a 2015, sun ƙara yawan masu bukatar na'urar.

Sai dai da yawa daga cikin kwamfutocin da jama'a ke saye na hannu ne, waɗanda aka gama amfani da su a Turai da Amurka. Ta Legas suke shigowa, su biyo ta kasuwannin Kano irin na titin Beirut, kafin su iso Jigawa.

Wani rahoto da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ne ke sauka a Legas a kowane wata a wancan lokaci.

Su kuwa manhajoji kullum ƙara nauyi suke yi. Windows XP da ta fito a 2001 tana iya tashi da ma'ajiyar wucin-gadi, wato RAM, mai megabait 64 kacal. Windows 7 ta 2009 ta nemi gigabait ɗaya, yayin da Windows 11 ta 2021 ba ta karɓar ƙasa da gigabait huɗu.

Tun a 1995 ne wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, ya yi nuni da cewa saurin da manhajoji ke yi wajen ƙara nauyi ya fi wanda na'urori ke yi wajen ƙara ƙarfi.

Abin da ke faruwa idan aka latsa manhaja

Kowace manhaja a kwance take a cikin faifan ajiya na na'urar. Idan aka latsa ta, sai an kwaso ɗaruruwan ƙananan fayiloli daga faifan an ɗora su a kan RAM kafin ta fara aiki.

Ana iya kwatanta faifan da rumbu, RAM kuma da tabarmar da ake baza hatsi a kanta. Idan tabarmar ƙarama ce, ko kuma wasu kaya sun riga sun cika ta, dole a riƙa kai-da-komo tsakaninta da rumbun.

Wannan kai-da-komo shi ne akasarin abin da mutane ke gani a matsayin nawa.

Faifan ajiya irin na da yana da wani faranti da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, da kuma wani ɗan hannu da ke zirga-zirga a kansa yana neman bayanai. Kowane nema na cin kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, wanda kaɗan ne, amma idan aka tara dubbai sai ya zama jira.

Shi ya sa buɗe manhaja a karon farko bayan kunna na'ura ya fi ɗaukar lokaci. A karo na biyu wani ɓangare nata na nan a kan RAM.

Masu tashi ba da gayyata ba

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne jerin manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna kwamfuta.

Manhajojin hira da na sauke fina-finai da na tura fayiloli zuwa wayar salula, da masu leƙa intanet suna neman sabon samfurin kansu, da yawansu kan sanya kansu a wannan jeri ba tare da mai na'urar ya lura ba. Kowace na cin nata rabon na RAM ko da ba a taɓa ta ba duk yini.

Daga Windows 8 zuwa sama, ana ganin jerin ne ta hanyar danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda. Wannan zai buɗe Task Manager, inda sashen Startup ke nuna kowace manhaja da kuma girman nauyin da take ɗora wa na'urar wajen tashi. A Windows 7 kuwa ana rubuta msconfig ne a akwatin bincike.

Hana manhaja tashi da kanta ba ya goge ta, ana iya buɗe ta a duk lokacin da aka so. Don haka wannan ne matakin da ya fi kowane ƙarancin haɗari, kuma sau da yawa shi ya fi saurin nuna sakamako.

A cikin Task Manager ɗin ne kuma ake gane inda cikas yake. Idan RAM ta kusa cika alhali ba a buɗe komai ba, ko faifan ajiya ya tsaya a kan kashi ɗari cikin ɗari na tsawon lokaci, to an san inda za a dosa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a Windows 10 kashe na'ura da Shut down ba ya share komai, saboda wani tsari na saurin tashi da ke adana wani ɓangare na aikin da ya gabata. Restart ne ke sa ta fara daga tushe.

Cire manhaja

Goge hoton manhaja daga fuskar kwamfuta ba ya cire ta, alamar kawai aka kawar.

Hanyar da ta dace ita ce a shiga Control Panel a zaɓi Programs and Features, ko a shiga Settings a zaɓi Apps, sannan a umarci na'urar ta cire ta. A nan ana iya jera manhajojin bisa girmansu ko ranar da aka sanya su.

Ya kamata a fahimci cewa manhajar da ke kwance ba ta aiki wuri kawai take ci, kuma cire ta ba lallai ne ya ƙara sauri ba, sai fa idan faifan ya kusa cika. Waɗanda ke aiki a ɓoye su ne matsalar.

A sahun gaba akwai manhajojin riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta. Ba abin mamaki ba ne a tarar da biyu ko uku a na'ura ɗaya, wata ta gwaji ce da wa'adinta ya ƙare da daɗewa, kuma kowace sai ta binciki fayil kafin a bari ya buɗe. Guda ɗaya mai samun sabuntawa ta wadatar, kuma tun daga Windows 8 kamfanin Microsoft ke haɗa tasa mai suna Defender a kyauta.

Akwai kuma manhajojin da kamfanonin da suka ƙera su da kansu suka yi watsi da su.

Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash Player a ranar 31 ga watan Disamban 2020, ya kuma shawarci jama'a su cire ta. A 2016 hukumomin Amurka sun ba da irin wannan shawara game da QuickTime ta Windows, bayan da kamfanin Apple ya daina toshe kafofin da ke cikinta. Silverlight ta bi sahu a 2021, sai Internet Explorer a watan Yunin 2022.

Kamfanin Oracle ma yana ba da shawarar a cire tsofaffin samfuran Java, waɗanda kan taru a na'ura ɗaya.

Haɗarin irin waɗannan ya wuce nawa, domin duk wata kafa da aka gano a cikinsu a buɗe za ta ci gaba da zama.

A watan Mayun 2017 wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ciki har da na asibitocin gwamnati a Birtaniya, tana neman kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar da ta bi tun a watan Maris, amma waɗanda abin ya shafa ba su sabunta na'urorinsu ba.

Wannan na da muhimmanci a wuraren da ake kashe sabuntawa don tsimin data, da kuma shagunan da filash ɗin mutane da yawa ke shiga na'ura ɗaya a kowace rana.

Abubuwan da ba a taɓawa

Ba kowane baƙon suna a jerin ne abin cirewa ba.

Ana yawan ganin Microsoft Visual C++ har sau biyar ko fiye, kowane da shekararsa. Ba maimaici ba ne, manhajoji daban-daban ne ke dogaro da su, kuma cire su na iya hana wasu buɗewa. Haka ma manhajojin da ke sarrafa firinta da sauti da allon na'urar.

Masu shagunan zane da buga katunan biki, waɗanda da yawansu ke aiki da CorelDraw, na da wani abin lura na daban. Tsohon samfuri ba kasafai yake buɗe fayil ɗin da aka adana da sabo ba, kuma tsohuwar firinta na iya ƙin aiki da sabuwar Windows.

Saboda haka kafin a cire irin wannan manhaja, sai an tabbatar akwai abin da zai maye gurbinta, an kuma kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. Idan ya zama dole a ci gaba da amfani da ita, ya fi dacewa a raba wannan na'ura da intanet.

Su kuwa manhajojin da ake tallatawa da sunan masu wanke kwamfuta ko ƙara mata gudu, amfaninsu bai kai yadda ake zuzutawa ba. Microsoft ya ce ba ya goyon bayan amfani da masu share rajistar Windows, kuma a 2017 masu kutse sun cusa muguwar manhaja a cikin wani samfurin CCleaner da mutane fiye da miliyan biyu suka sauke.

Windows na da nata kayan share tarkace, wato Disk Cleanup da Storage Sense.

Zafi da ƙura

A Jigawa yanayi ma na da nasa hannu. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, bayan ƙurar hunturu ta riga ta toshe kafofin shan iskar na'ura.

Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi zafi fiye da kima, takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Alamar hakan ita ce na'urar da ke aiki lafiya da safe amma ta yi sanyin jiki da rana, fankarta na ta ƙugi. Babu wata manhaja da za a cire ta magance wannan, sai an buɗe an kakkaɓe ƙurar.

Ɗaukewar wutar lantarki ba zato kuma na iya lalata fayiloli, ko ma shi kansa faifan. Faifan da ya fara ƙara ko yawan tsayawa alama ce ta a hanzarta kwashe abin da ke cikinsa.

Idan an yi duk waɗannan nawar ba ta tafi ba, sauyin da ya fi tasiri shi ne maye gurbin tsohon faifai da na zamani da ake kira SSD, wanda ba shi da wani abu mai juyawa. Yana karanta kimanin megabait 500 a daƙiƙa, inda na da ke yin kusan 100, kuma wajen nemo ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Ƙara RAM daga gigabait huɗu zuwa takwas shi ne na biyu.

Ita kanta Windows

Babbar manhajar da kan tsufa ita ce Windows ɗin kanta. Microsoft ya daina kula da XP a watan Afrilun 2014, da Windows 7 a watan Janairun 2020, sannan Windows 10 a ranar 14 ga watan Oktoban 2025, ko da yake ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adi ga masu bukata. A wannan rana ce kuma ya daina kula da Office 2016 da 2019.

Manhajar shiga intanet ta Chrome ta daina fitar da sabon samfuri ga masu Windows 7 tun farkon 2023.

Matsalar ita ce Windows 11 na bukatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na takwas zuwa sama ko makamanciyarta, abin da ya bar akasarin na'urorin da aka ƙera kafin 2017 a baya. Irin waɗannan kuwa suna da yawa a kasuwar kwamfutocin hannu.

Ga mai irin wannan na'ura akwai zaɓin komawa ga Linux, alal misali Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma wasu nau'o'insu ba su da nauyi. Manhajar LibreOffice da ke aiki a kansu na buɗe takardun Word da Excel, sai dai CorelDraw da wasu manhajojin da aka saba da su a shaguna ba a yi su don Linux ba.