Shin ƙarin jini na iya ɗora wa mutum yawan fararen ƙwayoyin jini?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ya san tsarin: likita ya ce a kawo jini, sai a kira ƴan uwa. A nan ake yawan tambaya, idan fararen ƙwayoyin jinin mai bayarwa sun yi yawa, shin mai karɓa zai ɗauka?

An taɓa gwada wannan, kuma da gangan. A farkon shekarun 1960, Emil Freireich da abokan aikinsa a cibiyar binciken kansa ta Amurka suna fama da majinyatan da magani ya ƙarar musu da fararen ƙwayoyi, cututtuka na kashe su. Sai suka ɗebo ƙwayoyin daga masu wata irin kansar jini, waɗanda nasu suka ninka na mai lafiya sau da yawa, suka ƙara musu. Yau dai da wuya a ba ka izinin yin haka. Zazzaɓi ya sauka ga da yawa, amma ƙwayoyin ba su zauna ba, cikin kwana ɗaya ko biyu sun ɓace. A ƴan kaɗan da garkuwarsu ta karye ne suka yi makonni. Dalili kuwa, ɓargonka ne ke tsara adadin, baƙin ƙwayoyi kuma jiki na kawar da su. Wani babban bincike a Suwidin da Denmak a 2007 ma bai ga ƙarin kansa ba ga waɗanda suka karɓi jinin mutanen da daga baya aka gano suna da ita.

Matsalar tana wani wajen. A 1958 Jean Dausset na Faransa, yana nazarin jinin waɗanda aka sha yi wa ƙari, ya gano alamomin da ke jikin fararen ƙwayoyi, waɗanda jiki ke yaƙa. Su ne ke kawo zazzaɓi da rawar sanyi lokacin ƙarin jini. Tun 1999 Birtaniya ke tace su daga kowace leda.

Abin da ya fi shafarmu shi ne jinin ɗan uwa na jini. Saboda kamanni, jiki kan kasa gane baƙin ƙwayoyin, su kuwa su far masa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru yawanci kisa yake yi. Shi ya sa inda akwai na'ura ake haska jinin ɗan uwa da radiyeshan kafin a ɗaura.