Wang Anshi

Wang Anshi (1021–1086) marubuci ne kuma waziri a daular Song ta ƙasar Sin. A 1069 Sarki Shenzong ya ɗora masa aikin gyaran mulki. Wang Anshi ya sauya jarrabawar ɗaukar ma'aikata, inda ya soke rubuta waƙa, ya fifita fahimtar tsofaffin littattafai da sha'anin mulki. Ƙananan akawu, waɗanda a da cin hanci ne abincinsu, ya yanka musu albashi. Ya kuma fito da bashin gwamnati ga manoma, sai dai wasu jami'ai suka riƙa tilasta wa talakawa karɓa. Ya ajiye muƙami a 1076. Bayan rasuwar sarkin a 1085, Sima Guang, abokin hamayyar Wang Anshi, ya rushe yawancin gyare-gyaren.