Daga Azara zuwa Alminiyum: Tarihin Taga a Kano

Maginan tsohon birnin Kano ba su damu da manyan tagogi ba, domin ƙaramar kafa suke bari kusa da rufi, su tokare ta da azara, wato tsagin giginya da gara ba ta ci da sauƙi. Da siminti ya yaɗu a zamanin mulkin mallaka, kafintoci suka shigo da firam na katako, wanda damina ke kumbura shi, hunturu ya tsaga shi. Alminiyum, ƙarfe mara nauyi da ya fara araha bayan an gano hanyar tace shi da lantarki a 1886, ya kawar da wannan damuwa, sai dai yana ɗaukar zafin rana fiye da uPVC, roba mai tauri da aka fara yin tagogi da ita a Jamus a shekarun 1950.