Me Ya Sa Soyayyar Zamanin Da Ke Jan Masu Karatu?

Masu nazarin adabi sun saba ɗaukar ƙagaggun labaran soyayya na tarihi a matsayin mafakar masu gudun wahalar zamani. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A binciken da Janice Radway ta wallafa a 1984, matan Amurka da ta zanta da su sun ce karatun labaran soyayya ne ke ba su damar sararawa daga hidimar gida. Sai dai wannan bai bayyana dalilin komawa shekarun da suka shuɗe ba, musamman zamanin riƙon ƙwarya na Ingila, daga 1811 zuwa 1820, lokacin da Sarki Joji na Uku ya samu taɓin hankali, ɗansa ya riƙe masa mulki.

A ganina, amsar tana cikin dokokin wancan zamani. Mace in ta yi aure, dukiyarta ta koma hannun miji, kuma sai a 1882 doka ta ba ta cikakken ikon mallakar abinta. Saki kuwa, kafin 1857, sai majalisar dokoki ta zartar da doka ta musamman a kan auren mutum guda, abin da masu hannu da shuni kaɗai ke iyawa. Budurwar da ta amsa wa manemi, ta amsa ke nan har abada. Marubuciya Jane Austen ta nuna haka a littafinta Pride and Prejudice (1813): 'yan mata biyar, ba ɗa namiji, gidan ubansu zai koma hannun wani danginsu, Collins, ranar da uban ya kwanta dama. Da Elizabeth, ɗaya daga cikin 'yan matan, ta ƙi auren Collins, ta san matsugunin uwarta da 'yan'uwanta ta sa a caca. Austen zamaninta take rubutawa. Georgette Heyer ce, da littafinta Regency Buck a 1935, ta mayar da waɗannan shekaru fagen adabi mai zaman kansa. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne soyayyar da ke da tsada, wadda kowane zaɓi a cikinta yake da hukunci. Wanda ya saba da littattafan soyayya na Kano, inda auren dole ke raba masoya, ba baƙo ba ne a nan.

Amma akwai inda wannan adabi ya gaza, kuma bai kamata a kawar da kai ba. Wani ɓangare na dukiyar da ke ɗaukar nauyin liyafar Landan daga gonakin rake na Karebiyan ya fito, inda bayi 'yan Afirka ke noma, kuma dokar soke bauta a ƙasashen da Birtaniya ke mulka sai 1833 aka zartar da ita. Yawancin marubutan sukan ɗauko tufafi da keken doki, su bar wannan a duhu. Marubucin da ya ari tarihi don ƙara wa soyayya armashi, wajibi ne ya faɗa wa mai karatu guminsu wa ya gina gidan da masoyansa ke ciki.