Daga Madarunfa Zuwa Makka: Ƙafa Da Jirgi

Kakana ya bar Madarunfa da jaki ɗaya da buhun gero, yana saurayi. Ya dawo da furfura a gemu, bayan shekara bakwai. A bakin tabkin garinmu, ƙarƙashin gawo, yake lissafa mana zangon da ya yi: Katsina, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Abeshe, El Fashir, Khartum, sannan Sawakin, inda ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Duk inda guzuri ya ƙare, sai ya tsaya ya yi noma ko ɗinkin hula. Wasu abokan tafiyarsa ba su dawo ba, suka zauna a Mai Wurno ta Sudan, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, amma sai da aka ɗauki shekaru kafin talaka ya taka shi. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, jirgi na cinye su cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Ni da na tafi, wahalata ita ce hanyar mota daga Maraɗi zuwa Yamai, inda na hau jirgi, hanyar da ta fi kilomita 600. Na fi daɗewa cikin bas fiye da sararin sama.

Shi ya sa har yau, in aka ce “Alhaji” a gidanmu, kakana ake nufi.